Duwatsun Dakta Phoebe

A taƙaice, kamar yadda 'yan sanda suka rubuta: an ɓalle kabad a wani asibiti da ke Narayi, an kwashe duwatsu, an kama mutum ɗaya. Rahoton bai ga dalilin ambaton cewa daga jikin mutane aka ciro duwatsun ba.

Dakta Phoebe Shekari ta yi shekaru tana yi wa masu ciwon matsarmama tiyata. Duk tsakuwar da ta ciro sai ta ajiye ta a kwalba mai lambar majinyacin. A kansu ta gina binciken da ya sa likitocin ƙasashen waje ke ambaton sunanta. Wasu sun yi shakka, aka shirya sake gwada duwatsun ranar Juma'a. Ranar Litinin da safe ta tarar da rabin kwalaben wayam.

Sufeto Saratu, wadda aka ba binciken, ta ƙi kujerar da aka miƙo mata. Tana ta kai da kawo gaban kabad ɗin.

"Wa kike zargi, Dakta?"

"Dakta Wilson, abokin aikina. Tun da aka buga aikina bai taɓa cewa barka ba."

Aka kira Dakta Wilson, ya leƙa kwalaben, ya taɓe baki.

"Sufeto, da ni ne, baƙaƙen duwatsun zan ɗauka. A kansu hujjarta take. Ga su nan ba a taɓa ba."

Saratu ta duba. Masu ruwan ɗorawa kaɗai aka tsince, aka bar kwalabe da lambobinsu. Ɓarawon launi ya bi, ilimi bai dame shi ba.

Nas Debby, mai riƙe da makulli, ta ce da tana so ai buɗewa za ta yi, ba ɓallewa ba. Saratu ta amince.

"Ban da ma'aikata, wa ya san kabad ɗin?"

Debby ta ce, "Dakta kan nuna wa duk wanda ta yi wa aiki. Har Alhaji Tanko, mai kawo nama kicin."

Saratu ba ta jira mota ba, ta tari Keke Napep zuwa mayankar Tudun Wada. A can ta sami dillalin da ke sayen tsakuwar matsarmamar shanu, wadda baƙi ke nema don haɗa magani.

"An kawo mini wasu jiya," in ji shi. "Muna jiƙa tsakuwa mu goga a farce. Ta saniya takan rina shi. Waɗannan ko alama. Na ce, Alhaji Tanko, wace irin saniya ce wannan? Ya ce 'yar ƙasar waje ce."

Ta tarar da Alhajin a rumfarsa, duwatsun a gwangwanin madara, an lulluɓe da auduga.

"Alhaji, me ya kai ka?"

"Ranki ya daɗe, na ga dukiya a kulle ba mai amfani da ita. Kuma ɗaya daga ciki tawa ce."

"Wacce?"

Ya juya gwangwanin, ya daɗe yana kallo. Bai gane ta ba.

Dakta Phoebe ma ba ta gane ta ba. Ta zazzage su a faranti, ta ce tsakuwar da ta rabu da lambarta daidai take da ta bakin titi. Baƙaƙen da ɓarawon ya raina su aka kai gwaji ranar Juma'a, su suka wanke sunanta.

Abin da aka yi hasara: ƙofar kabad ɗaya, rabin aikin shekaru, kwangilar naman Alhaji Tanko, da gaisuwar Dakta Wilson, wadda dama ba ta da yawa.