Sallar da Aka Ɗage Saboda Fareti

Tun da teku ta haɗiye Basit, matashin sojan ruwa, ba a ga gawarsa ba. Mahaifiyarsa ta taso daga unguwar Maamobi ta roƙi Malam Mujeeb, limamin barikinsu, ya yi wa ɗanta sallar gawa ko da babu gawar. Malam ya ce ta dakata a gama bikin fareti. Aka yi fareti, aka ci walima, shi kuwa, Allah Ya yafe mana, ya sha'afa.

Wani dare bayan isha'i, yana lazimi shi kaɗai kafin ya nemi motar komawa gida unguwar Nima, sai ƙarnin teku ya cika masallacin. Wani soja cikin farin kaki ya yi sallama, muryarsa kamar daga cikin tulu. Duk inda ya taka, tabarma sai ta jiƙe.

Malam ya ce, "Ɗana, ka makara. Tsaya bayana in ja ka salla."

"A'a, Baba Malam. Ni a gabanka ake ajiye ni."

Sojan ya kwanta bisa gefen dama, fuska ga alƙibla, ruwa na zuba daga kunnensa. Malam ya miƙe, hawaye na bin gemunsa, ya yi kabbarar farko.