Yatsun Cilbok

Ni na fara gani, tun su kansu ba su sani ba. Ni Makdong, wanda samurai, mayaƙan Japan, suka yanke wa hanci a Namwon suka jefa hancin a tulun gishiri, ban mutu ba. Aka ɗauro mu a jirgi daga Koriya zuwa Karatsu ta ƙasar Japan, rabinmu kifi ya cinye, ban mutu ba. Ban taɓa karatu ba, amma idona bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Ina tankaɗe toka a bakin tanderu Buni ta kawo wa ubanta, tsoho Ham mai faskare, dafaffen gero. Cilbok na zaune yana murza kwanon yumɓu, saurayin da duk cikin bayin ƙauyen babu mai hannunsa. Ya ɗago ya dube ta, kwanon ya karkace ya zube. Na ce a raina, an gama.

Ni na riƙa kai musu saƙo. Shi yana ce mata Farar Ƙasa, ita tana ce masa Mai Laka.

"Kawu, ka ce wa Mai Laka ya wanke fuskarsa, ko na gane wanda nake so," in ji ta.

Ya ce in gaya mata in ya wanke, 'yan matan Japan za su gani, ita ce da asara.

Tsoho Ham ya ƙi ji. Ya rantse 'yarsa ba za ta yi aure ba sai a gida Koriya, kusa da kabarin uwarta.

Shekararmu goma a bauta jakadun ƙasarmu suka zo kwashe kamammu. Magobei, mai gadinmu, ya tara mu ya ce tsofaffi da mata da masu faskare su tafi, ba a bukatarsu. Maginan tangaran kuwa dukiyar ubangidansa ce, ko ɗaya ba ya taka jirgi. Ni ban nemi tafiya ba, wa zan kai wa wannan fuskar?

Cilbok ya zo mini idonsa jawur. Ni na ba shi dabara, kuma har gobe ina cewa dabara ce mai kyau. Na ce hannunka suke tsarewa, ba kai ba.

Akwai gungumen da ruwan rafi ke ɗagawa ya faɗo cikin turmi ya niƙe dutse. Muka je da hantsi. Ya sa hannun dama a turmin, na riƙe masa kafaɗa. Bai yi ihu ba sai da gungumen ya sake ɗagawa.

Magobei ya zo ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Hannu ka fasa. Idon fa? Bakin fa? Za ka zauna ka koya wa wasu."

Ya sa aka yi mini bulala talatin. Sannan ya aika wa tsoho Ham cewa Cilbok ya zaɓi shinkafar ubangida, ya fasa tafiya. Buni ta yarda da ƙaryar, ta bi ubanta bakin teku tana kuka.

Cilbok na kwance yana jinya. Ni na tsinci yatsu biyu a turmin, na naɗe a ganye, na taka har tashar jirgi bayana yana tsiyaya. Na sami Buni da ubanta a kan katakon hawa jirgi, na miƙa mata. Ta buɗe. Akwai sauran laka a farcen.

Ubanta ya ce idan ta sauka, ta ɗauka shi ma ya mutu.

"Baba, ka gaishe mini da kabarin Inna," ta ce.

Ta sauko. Shi kuwa ya juya fuskarsa ga teku. Har jirgin ya ɓace bai waiwayo ba.

Magobei bai hana auren ba, ya ce bawa mai mata ba ya gudu. Na sassaƙa agwagwar itace da ango ke miƙawa a al'adarmu. Babu uban da zai karɓa, sai Cilbok ya miƙa wa amaryar da kansa. Ta suɓuce daga dungulmin hannunsa, Buni ta cafe kafin ta taɓa ƙasa.

"Farar Ƙasa, ba ni da abin riƙe ki," ya ce.

"Ni zan riƙe. Kai dai ka faɗa mini inda zan danna."

Muka sa musu albarka da giyar gero, mu bakwai. Tun ranar ita ke murza kwano, shi yana tsaye a bayanta yana faɗa. 'Ya'yansu biyar. Shekara talatin ke nan tana aiko mini da abinci kullum, amma ba ta sake ce mini Kawu ba, ko gaisuwa. Ruwanta. Da ban riƙe kafaɗar nan ba, da wa ta aura?

Wanda ya ce ƙarya nake, ya hau tudu gidan Cilbok ya ƙirga masa yatsu. In bai gamsu ba, ya dawo ya ja mini hanci, in ya samu.