Kwalbar Ots Ta Dawo Da Turare

"Wace ce ita, Muttaka?"

Nana Aisha ta dire kwalbar a gaban mijinta tun bai cire takalmi ba. An wanke ta tas, a ciki kuma ga ƙullin turaren wuta a farar leda.

"Nanata, ko ruwa ba za ki ba ni ba?"

"Wadda ke shanye maka ots ɗina ta ba ka!"

Ita fa ba ta iya ɓoye kishi ba, a fuska yake fito mata. Kullum da la'asar take jiƙa ots, hatsin nan na Turawa, a kindirmo, ta yanka dabino, ta barbaɗa gyaɗa, ta rufe ya kwana a firji. Da asuba ya ɗauka ya nufi gonar shinkafarsa ta bakin kogi, babu jiran hura wuta. Kwanakin baya ya ce ta riƙa yin kwalba biyu, wai aiki ya yi yawa, har ya ɗauki lebura. Baiwar Allah har da murnarta!

"Lebura ba ya mayar da kwano da tukwici," ta ce. "Mace ce kawai ke jin kunyar mayar da shi haka nan. Ni ina jiƙawa, wata tana lashewa..."

"Mace ce, gaskiya."

Ashe ma ba zai musa ba!

"Kyakkyawa ce?"

"Sosai. Idonku iri ɗaya." Ya miƙo mata kasko. "Ƙona ki ji."

Don haushi ta zuba duka a garwashi. Hayaƙin na tashi ta gane ƙamshin, ta zauna daɓas. Haɗin marigayiya mahaifiyarta ne, wanda ta zo da shi daga Barno. Mutum ɗaya ya rage da ya iya shi: Ya Zainaba, yayar da ta raine ta, wadda ta ƙi aurenta da manomi, ta kuma daina yi mata magana tun ranar biki.

"Hawan jini ya kwantar da ita," ya ce a hankali. "Likita ya hana ta maiƙo da gishiri, ga shi ba ta iya tsayuwa a murhu. Na kai mata na ce ke kika aiko. Kullum tana karɓa, sai yau ta sako miki turaren nan."

Maimakon kishin ya kwanta, sai ya sake sabon salo.

"Wato kai da ta ƙi, kai kake ganinta kullum? Ni da ta goya ko a waya ba ta nemana?" Ta fashe da kuka. "Yayata ce fa, ba taka ba!"

"To gobe ki je ki ƙwace abarki."

Washegari ita ta rungume kwalbar a bayan babur. Suka tarar da Ya Zainaba a tabarma, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Nana Aisha ta durƙusa, ta miƙa mata kwalbar.

Ya Zainaba ta buɗe kwalbar, ta kai cokali ɗaya baki, ta ɓata fuska.

"Dabinon ya yi yawa. Tun kina ƙarama hannunki bai san kaɗan ba."

"Ya Zainaba, ki yafe..."

"Rufe min baki." Ta janyo ta jikinta da ƙarfin da ba a zata ba, hawaye na bin kuncinta. "Kullum ina leƙa bayan babur ɗin nan, ko ke ce."