Inuwar da ke Bisa Zuciyar Radiyya

Don Allah kar ku hwaɗi sunana. In anka ji ni na ba da labarin ga, na shiga uku.

Radiyya, ɗiyar Fatsuma ta Gangara, tana da ciwon zuciya. Likitoci sunka sa mata wani ɗan batir cikin ƙirji, in zuciyar ta tsaya ya hizge ta ta tashi. Sai dai duk hoton zuciya da anka ɗauka Sakkwato, wata baƙar inuwa ta ruhe shi. Likita yac ce ƙarhen batirin ne. In ba a ga zuciyar ba, ba a san abin da za a gyara ba.

Rannan sunka sake saita injin hoton, sunka sa ta ɗaga hannun hagu bisa kai don batirin ya matsa. Inuwar tat tsuke. Zuciya ta hito sarai.

Fatsuma na murna sunka kamo hanya. Daga Sabon Birni sunka hau kabu-kabun Sodangi, yarinyar na tsakiya. Magariba ta kawo jiki.

Cikin gonakin dawa mashin yam mutu.

Kwaɗi sunka yi shiru. Sai warin jiƙaƙƙar toka.

"Sodangi, tada shi mana."

"Inna, ya ƙiya."

Radiyya tab buɗe baki. Muryar wata tsohuwa ce ta hito, a hankali.

"Wa yat tsuke min ɗaki?"

Hannun hagun yarinyar ya manne ga ƙirji, kamar ana jan shi daga ciki. Fatsuma ta sa kunne. Ba bugu.

Ta kama hannun tana ja sama. Sanyi ƙalau. Nauyi kamar turmi.

"Kama min, ɗan nan!"

Su biyu sunka ɗaga shi.

Batirin ya hizga. Yarinyar ta zabura, wani abu ya yi ƙara ya kutsa cikin dawa, karare na karyewa.

"Inna, ƙishirwa," in ji Radiyya.

Har yau, da la'asar ta yi sanyi, Fatsuma na ɗaure hannun Radiyya sama ga ƙusar bango da kallabi, ta zauna ta tsare shi. Jiya an iske kallabin kwance, an ninke shi tsab bisa tabarma, kuma ba kowa cikin gi...

Tsaya. Ga takun wani nan zaure. Za ni ɓoye wayar.