Tambarin Sabulun Gwaggo

Akwai wata yarinya da kowa a gidansu yake kira Donme. Ba shi ne sunanta na gaskiya ba, bakinta ne ya jawo mata. In aka ce ta zauna, sai ta ce don me. In aka ce ta tashi, don me. Ta taɓa tambayar babanta don me kifi ba ya rufe ido, har sai da ya ƙware da ruwan da yake sha.

A makaranta babu darasin da take so kamar zane. Ran Litinin, Malamar zane ta shigo aji riƙe da kwalin madara, da akwatin ashana, da marfin kwalba. Ta nuna musu ɗan ƙaramin zanen da ke jikin kowanne. Ta ce sunansa tambari, kuma da shi ake gane kaya, ko da mutum bai iya karatu ba.

Donme ta ɗaga hannu. Ta tambaya don me duk tamburan ƙanana ne. Ta tambaya wa yake zana su. Ta tambaya ko ana biyansa. Malama ta amsa biyu, ta yi dariya a ta ukun.

Sannan ta ba su aiki. Kowa ya nemi mai ƙaramar sana'a, ya zana masa tambari. Ta raba musu takarda mai tambayoyi uku. Su wa ke sayen kayan? A jikin me za a sa tambarin? Da me mutane suke gane kayan yanzu?

"Sharaɗi biyu ne," in ji Malama. "Kafin ku taɓa fensir, ku je ku zauna wurin mai sana'ar, ku kalli aikinsa, ku yi masa tambayoyin nan. In kun zana kuma, ku gwada shi daidai girman akwatin ashana, da launi ɗaya tak."

Donme ba ta sha wahalar neman mai sana'a ba. Gwaggonta, ƙanwar babanta, sabulu take yi a bayan gidanta. Tafiyar minti goma ce daga gidansu. Amma da Donme ta dawo gida ta ga fensiran kalarta jere a gwangwani, sai hannunta ya fara ƙaiƙayi.

Ta ce a ranta, ai ta san Gwaggo tun tana goye. Me za ta tambaye ta kuma? Sai ta zauna a kan tabarma, ta cike takardar da ka. Masu saye, ta rubuta kowa da kowa. Wurin sa tambari, ta rubuta babban kwali. Tambaya ta uku ba ta san amsarta ba, sai ta tsallake ta.

Ta ɗauko farar takarda mafi girma. Ta zana rana tana fitowa. Ta zana furanni biyar. Ta zana hannaye biyu cikin kumfa, da tsuntsu a sama, da dogon ƙyalle mai rubutu a ƙasa. Launi bakwai ta sa. Kwana biyu tana wannan aiki, har ta manta da wasa.

Yayanta ya leƙo ya duba. Ya ce zanen ya yi, saura kawai ta ƙara Gwaggo da kujerarta da maƙwabta. Donme ta murguɗa masa baki. Gaskiya zanen ya yi kyau, kuma ta san ya yi kyau. Gwajin akwatin ashana kuwa ko tuna shi ba ta yi ba.

Ran Laraba da yamma ta kai wa Gwaggo. Gwaggo ta goge hannunta da zani, ta riƙe takardar da yatsu biyu don kada ta ɓata ta. Ta yi ta sa wa Donme albarka. Daga nan ta ba ta labari mai daɗi. Mai babban kanti na bakin titi ya yarda ya jera sabulunta a kantarsa. Yana son guda sittin ran Litinin mai zuwa. Amma ya ce ba ya karɓar kaya marasa alama. In ba ta kawo ba, akwai wani mai jiran wurin.

"Shekara shida ina jiran irin wannan, 'yata," in ji Gwaggo. "Gobe sai ki kai wa kafinta ya sassaƙa mana shi a katako, mu riƙa dannawa a jikin sabulun."

Donme ta ɗago kai da sauri. A jikin sabulu? Ita babban kwali ta zata. Ta dubi sabulun, bai fi tafin hannunta ba. Ta dubi zanenta. Tambaya ta zo mata har baki, amma ta haɗiye ta. Gwaggo ta riga ta yabe ta, ba ta son yabon ya ragu.

Kafintan dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce kayan cikinta sun yi yawa ga ɗan guntun katako, ko za a rage?

"Baba, haka Malama ta ce a yi," in ji Donme.

Ƙarya ce. Malama ko ganin zanen ba ta yi ba. Dattijon ya ɗaga kafaɗa, ya ce ta dawo da la'asar. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya cusa rana da furanni da tsuntsu a katakon da bai kai tsawon yatsa ba.

Donme ta ruga da hatimin katakon gidan Gwaggo. Ta tarar Gwaggo ta tafi sayo takardar naɗi. Sabulai kuwa ga su nan jere a kan tebur, farare, suna ƙamshi. Ta ce bari ta ba Gwaggo mamaki.

Ta danna a na farko. Da ta ɗaga, babu rana, babu tsuntsu. Wani dagwalo ne kawai, kamar inda kaza ta yi tono. Ta ce wataƙila ba ta danna sosai ba. Ta danna na biyu da ƙarfi, sai ya tsage. Ta danna na uku a hankali, bai fito ba sam. Sabulu ya cushe ramukan katakon. Ta goge, ta sake gwadawa. Ta yi ta sakewa, zufa tana keto mata. Kafin ta dawo hayyacinta, ta ɓata guda goma sha takwas.

Gwaggo ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki sabulun da ya tsage, ta juya shi, ta ajiye. Sannan ta zauna a kujerarta. Da ma duka ta yi mata, da ya fi wa Donme sauƙi. Ta koma gida tana kuka, abinci ma ta kasa ci.

Washegari ta tsaya bayan an tashi daga aji. Ta faɗa wa Malama komai, har da ƙaryar da ta yi wa kafinta. Malama ta saurara har ƙarshe. Sai ta ɗora akwatin ashana a kan takarda, ta zagaye shi da fensir. Ta ce Donme ta zana tambarinta a ciki.

Donme ta fara. Rana ta shiga. Fure ɗaya ya shiga da ƙyar. Wuri ya ƙare.

Malama ta buɗe takardar tambayoyin, ta sa yatsa a kan ta ukun, wadda aka bari babu amsa.

"Ke ce mai tambayar kowa komai," ta ce a hankali. "Amma mutum ɗaya da ya kamata ki tambaya, ita ce ba ki tambaya ba. Don me?"

Karo na farko ke nan da aka jefa wa Donme kalmarta. Ta sunkuyar da kai. Ta ce ta ɗauka ta riga ta sani. Malama ta ce gobe Asabar, ta bar fensiran kala a gida. Ta je da idonta da kunnenta, da fensir ɗaya baƙi.

Da sassafe Donme ta isa. Ta durƙusa ta ba Gwaggo haƙuri. Gwaggo ta ce ya wuce, amma akwai aiki. Ta miƙa mata wuƙa da roba. Sabulan da suka ɓaci sai an yanka su ƙanana-ƙanana, a sake narkawa, a sake zubawa. Donme ta yi ta yanka har yatsunta suka yi ja. Ba ta yi ƙorafi ba.

Tana yanka tana kallo. Abin mamaki, sau nawa ta zo gidan nan, amma ba ta taɓa kallon aikin ba. Ta ga Gwaggo tana sa safar hannu kafin ta taɓa sodar haɗa sabulu, mai ƙona fata. Ta ga tana yanka dogon sabulu da siririyar waya, ba da wuƙa ba. Tambayoyi suka fara zubowa, Gwaggo tana amsawa tana murmushi.

Can sai Donme ta lura da wani abu. Duk sabulun da Gwaggo za ta sa a kwando, sai ta danna shi da babban yatsa a kusurwa ɗaya. Kowanne sai ya fita da ɗan rami.

"Gwaggo, don me kike danna su?"

Gwaggo ta ce gwaji ne. In yatsa ya nutse, sabulun bai yi ƙwari ba, sai a mayar da shi. In ɗan rami kawai ya bari, to ya isa sayarwa. Ta ce ita har ta daina sanin tana yi.

Suna cikin haka sai ga mai wanki da guga ya yi sallama. Zai sayi guda huɗu. Ya ɗauki kowanne, ya shafa kusurwarsa da yatsa kafin ya sa a jaka. Donme ta tashi tsaye da wuƙa a hannu. Ta gaishe shi, ta tambaye shi me yake nema a jikin sabulun.

"Ramin mana," ya ce. "Akwai masu yin fari irin wannan, amma ba ya kumfa kamarsa. In na aiki yarana, cewa nake su sayo mai rami. Duk layinmu haka muke ce masa."

Donme ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta riƙe haɓa, don ita ma yau ta fara ji. Ashe shekara shida sabulun yana da tambari, har da suna. Mai shi ce kawai ba ta sani ba.

Donme ta ɗauko fensirinta. Ta zagaye akwatin ashanar Gwaggo a bayan takarda. A ciki ta zana ɗan da'ira mai tsawo, kamar kan babban yatsa. Ta ja layuka uku masu lanƙwasa a cikinsa. Shi ke nan. Ta nuna wa mai wanki daga nesa, ta ce me ya gani. Ya ce yatsa ne. Daɗi ya cika ta har ta yi tsalle.

Ta koma wurin kafinta. Kafin komai, ta gaya masa ƙarya ta yi rannan, Malama ba ta ce komai ba. Dattijon ya dube ta ta saman tabarau. Ya ce ya sani, don babu malamar da za ta sa a cusa tsuntsu da rana a wuri ɗaya. Ya karɓi sabon zanen. Kafin Donme ta gama kallon kayan aikinsa, har ya gama.

Wannan karon ba ta taɓa sabulu mai kyau ba. Ta nemi izinin Gwaggo, ta gwada a kan wani guntu. Ta danna, ta ɗaga. Ga yatsan nan ya fito ras, da layukansa uku.

Ran Lahadi duk gidan aka taru. Gwaggo tana gwada kowane sabulu da yatsanta kamar kullum, Donme tana buga hatimi a tsakiya. Takardar naɗi shuɗiya suka zaɓa, don ƙofar Gwaggo shuɗiya ce, kuma da ita ake kwatancen gidan. A kan kowace takarda an buga yatsan da tawada, an rubuta Mai Rami a ƙasa. Yayan Donme, mai tsokanar nan, shi ya zana irinsa a jikin ƙofa. Sabulan da aka sake narkawa ma sun yi ƙwari, sittin suka cika cif.

Ran Litinin bayan an tashi makaranta suka kai kayan. Mai kanti ya buɗe guda ɗaya, ya juya shi, ya gyaɗa kai. Ya jera su a kanta da kansa. Ba su ko fita ba sai wata mata ta tsaya, ta ƙura wa shuɗiyar takardar ido.

"Au, mai rami ya zo nan?" ta ce. "Ba ni uku."

Gwaggo ta matse hannun Donme. Idonta ya cika da hawaye, amma dariya take yi.

Da aka koma aji, Malama ta manna zanen Donme guda biyu a allo, babban mai launi bakwai da ƙaramin mai fensir ɗaya. Ta ce Donme ta gaya wa 'yan ajin abin da ta koya.

Donme ta ce ta koyi cewa in za ka yi wa mutum aiki, kada ka ɗauka ka riga ka san komai. Ka je ka gani, ka tambaya, ka saurara. Ka gwada a ƙarami kafin ka taɓa babba. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, tun bai kai goma sha takwas ba.

'Yan aji suka yi dariya, suka tafa mata. Har yau ana kiranta Donme, kuma har yau tana tambaya. Sai dai yanzu tana tsayawa ta ji amsa.