Kyamarar Ɗakin Baba

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Auta ta ja ƙofar gida ta murɗa mukulli sau biyu. Maganin hawan jinin Baba ne ya ƙare, kemis kuwa yana bayan babban titi, tafiyar minti goma. Ta bar tsohon yana barci, bakinsa a karkace kamar yadda yake tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye.

Wata bakwai ke nan tana jinyarsa ita kaɗai. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke tashi in ya shaƙe. A da tana aiki a wani shagon kyamarorin tsaro, inda ta yi suna wajen haɗa na'urorin da suka ƙi jituwa. Ta ajiye aikin saboda Baba. Babban wansu, wanda take kira Yaya, shekararsa tara a ƙasar waje. Bai zo ba. Kyamara ya aiko.

"Ki kafa ta a ɗakin Baba," ya ce a waya, "in riƙa ganin abin da ake yi masa."

Abin da ake yi masa.

Kyamarar mai tsada ce, amma ta ƙi magana da rikodar gidan, na'urar da ke karɓar hoton kyamara ta adana. Auta ta yi masa bayani. Akwai ƙa'idar da yawancin masu ƙera kyamarori suka amince a kai, wadda duk na'urar da ta bi ta za ta ji yaren 'yar'uwarta. Tasa ba ta bi ba, yaren kamfaninta kaɗai take ji.

"Ke dai ba kya so a gani," in ji Yaya. "Mai gaskiya ba ya gudun ido."

Ta ɗauko tsohuwar kwamfutarta da 'yar kyamarar da ake maƙalawa a saman allo, ta yini tana fama har ta sa rikodar ta karɓe ta kamar kyamarar tsaro ta gaske. Ta ɗora ta a kan tebur tana fuskantar gado, ta tura wa Yaya adireshi da lambar sirri. Daga ranar ta rasa sukuni. Don me zanin gado ya yamutse? Don me ta yi minti ashirin a banɗaki? Wanda ko tsumman fitsari bai taɓa riƙewa ba, shi ya zama alƙali.

Tana tsaye gaban kanta, mai kemis yana ƙirga ƙwayoyi cikin leda, wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Yaya. Ta yi tsaki ta kai kunne, tana jiran faɗa.

"Yawwa Auta, haka ake so. Yau kam kin burge ni. Kalli yadda kike lallashinsa yana sha. Allah ya yi miki albarka."

Cikin wata bakwai, wannan ne karo na farko da ya sa mata albarka.

Ta duba lokacin saƙon. Yanzu ya shigo.

"Lafiya, Hajiya?" mai kemis ya tambaya.

Ba ta ji shi ba. Ta buɗe hoton ɗakin a wayarta. Da'irar nan ta yi ta juyawa, sabis yana jan ƙafa. Sai hoto ya fito.

Ga gado. Ga Baba a jingine da filo biyu, ita kuwa a kwance ta bar shi. A gefensa wata mace ce zaune, ta ba kyamara baya, da kofi a hannu. Mayafinta ruwan toka ne, mai ɗan ƙonewar dutsen guga a kafaɗa.

Auta ta dubi kafaɗarta. Ga ƙonewar nan.

Ta bar maganin a kan kanta ta fita da gudu.

Ana kiran sallar magariba, masu shaguna suna jan ƙofofin ƙarfe. Wani mai babur ya zage ta da ta gifta masa. Tana gudu tana gaya wa kanta cewa hoton jiya ne ya maƙale. Ta sha ganin haka a wurin aiki, rikoda ta riƙe tsohon hoto tana maimaitawa. Amma jiya shuɗi ta sa. Kuma agogon da ke kusurwar hoton yana tafiya daidai da na wayarta, daƙiƙa da daƙiƙa.

Ƙofa tana kulle kamar yadda ta bar ta. Mukulli ya juya sau biyu.

Gidan shiru. Fitilar falo a kashe. Wani wari ya tare ta a bakin ƙofa, irin na tokar da aka yayyafa wa ruwa, haɗe da ƙarnin tsohuwar rijiya. Sanyi ya ratsa tafin ƙafarta ta cikin takalmi.

Daga ɗakin Baba ake jin ƙarar cokali yana bugun kofi.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Da ɗan gunaguni ƙasa-ƙasa, irin waƙar da ita kanta take yi ba da sani ba in tana ba shi abinci.

Ta tsaya a dogon lungun da ke kaiwa ɗakin. Rikodar tana nan a kan katakonta, allonta yana haske. Kyamara ɗaya ta haɗa, ita da hannunta. Yanzu jerin yana nuna biyu. Ta biyun ba ta da suna, adireshinta sifiri ne zalla, kuma an karɓe ta ba tare da lambar sirri ba. Hoton da take kawowa lungu ne mai duhu, da wata mace tsaye a ciki tana kallon allo.

Ita ce. Daga bayanta ake ɗauka.

Ba ta waiga ba. Ta tura ƙofar ɗakin.

Hasken kwamfuta kaɗai ne a ciki. Matar tana zaune, bayanta ga ƙofa. Baba yana jingine, idanunsa a waje, hawaye yana bin kuncin da ya shanye. Da ya ga Auta sai ƙwayar idonsa ta yi tsalle daga gare ta zuwa ga matar, ta dawo.

Cokali ya tashi zuwa bakinsa. Abin da ke ciki baƙi ne, yana motsi.

"Wace ce ke?" Auta ta tambaya.

Matar ba ta motsa ba. Amma a allon kwamfuta, kanta ya juyo a hankali, ya ci gaba da juyawa fiye da yadda wuya ke iyawa. Fuskar Auta ce, sai dai babu gajiya a cikinta. Tana murmushi.

"Je ki huta," aka raɗa, da muryarta. "Yaya ya ce na fi ki iyawa."

Auta ta so karanta addu'a. Harshe ya yi nauyi kamar dutse. Ta san kalmomin tun tana ƙarama, amma babu ko ɗaya da ta zo.

Cokali ya taɓa leɓen Baba.

Ta yi kukan kura ta buge cokalin. Ya faɗi a kan siminti ba tare da ƙara ba. Ta cusa hannuwanta ƙarƙashin hammatar tsohon, kamar yadda take yi kullum da safe, ta fizgo shi daga gado. Dugadugansa suka daki ƙasa.

Hannu ya kama wuyan hannunta.

Sanyi. Har cikin ɓargo.

Yatsun sun yi yawa. Sun zagaye hannun sun sake zagayowa.

"Bar min shi," raɗar ta ce a cikin kunnenta. "Ai kin gaji. Na ji ki kina cewa kin gaji."

Gaskiya ne, ta faɗa. A kicin, ita kaɗai, ba sau ɗaya ba. Ɗakin ya fara nisa.

Sai ƙirjin Baba ya motsa a jikin nata. Bakin da bai furta komai ba wata bakwai ya buɗe, miyau yana zuba.

"Bis... millah."

Allon kwamfuta ya yi fari fat. Yatsun suka sassauta.

Ta ja. Ta ja shi ta lungun, ta falo, kafaɗarta na dukan bango, tana ihun da ba ta san tana yi ba. A bayanta ana tafiya, ba sauri, taku ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗo waje da baya, Baba a kanta.

Ƙofa ta rufe da kanta. Mukulli ya juya daga ciki.

Telan da ke maƙwabtaka da su ne ya tarar da su a ƙasa yana dawowa daga masallaci. Shi ya samo mota aka kai su gidan Gwaggo, ƙanwar Baba. Washegari da rana tsaka ya karɓi mukullin Auta ya shiga gidan da maza uku, suka tsinke wayoyi, suka kwaso kwamfuta da rikoda da akwatin intanet suka zube a tsakar gidan Gwaggo. Ba su ga kowa ba. Sun dai ce gadon a gyare yake tsaf.

A wuyan hannun Auta akwai zane baƙi, zagaye bakwai. Bai goge ba.

Ta kira Yaya ta gaya masa komai. Ya bari ta gama, sannan ya yi dariya.

"Auta ke nan. Yanzu haka ina kallonki, ga ki kina yi masa fifita. Ko abin amsa waya kika maƙala a kunne kike min wasa?"

"Yaya, wallahi kwamfutar tana gabana a kashe."

"In hutu kike so, ki ce hutu. Ban da rantsuwa."

Baba ya yi kwana goma sha ɗaya a gidan Gwaggo. Bai sake magana ba, bai kuma yarda Auta ta saki hannunsa ba. Ya cika da hantsi, tana riƙe da shi.

Gwaggo da kanta ta kira Yaya ta sanar da shi. Ya ce mata bai taɓa zaton har da ita za a haɗa baki don a tilasta masa dawowa ba. Ga ubansa nan a allo, in ji shi, har ƙiba ya yi. Aka rufe Baba ba tare da babban ɗansa ba. Hoton kabarin da aka tura masa ma bai buɗe ba.

Auta ba ta koma shagon kyamarori ba. Ko wayarta ta liƙe wa ido da takarda. Gidan yana nan a kulle, an yanke masa wuta, ciyawa ta fara cin bakin ƙofa.

Bayan wata biyu saƙon Yaya ya shigo, muryarsa cike da murna.

"Auta, Baba ya fara magana! Jiya ya kalli kyamara ya kira sunana. Ya ce in dawo gida, yana son ganina."

Shekara tara tana roƙonsa ya zo. Ta zauna da wayar a hannu har shayinta ya huce, tana tuna kowace baƙar magana da ya taɓa gaya mata. Sannan ta share ido ta kira shi.

"Yaya, don girman Allah, in ka sauka ka zo gidan Gwaggo. Kada ka shiga gidan nan."

"Ke kin sha albarkarsa ke kaɗai, ni za ki hana?" ya ce. "Ai ke da bakinki kika ce kin share min ɗaki."

Ya kashe. Ta sake kira, ta tarar ya toshe lambarta.

Ranar Alhamis jirginsa zai sauka, kuma yana da nasa mukullin.