Hoton da Myron Ya Ƙi Ganewa

Da safiyar Talata aka kira Sajan Dolores Archuleta zuwa wani kwazazzabo a yamma da garin Cortez. An haƙe wani kangon mutanen da, an buɗe kaburbura biyu, an kwashe tukwanen da aka binne tare da mamatan. Ko ƙasusuwan ba a bari ba.

Orlinda Sekaquaptewa ce ta kai rahoto, tsohuwar malamar makaranta, ƴar ƙabilar Hopi. Tana tsaye bakin ramin, ta ƙi kallon cikinsa.

"Inna, wa ya san wurin nan?"

"Ni ce na nuna shi, ƴata. Duk Asabar muna wasa a shagon kofi, mu uku, ni da Garland da Myron. Mutum ya kawo hoton tauraron ɗan'adam, sauran su canki ko wane kango ne. Na kawo na kakannina. Ba wanda ya canka, ni kuma ban faɗa ba."

Dolores ta cire ta daga zargi. Shekara da shekaru Orlinda ta san wurin, ba ta taɓa ko tsinke ba.

Ta fara da Garland Teague, mai sayar da kayan tarihi ga masu yawon buɗe ido. Ta same shi a kujera, karyayyar ƙafarsa cikin filasta tun watan jiya.

"Ni zan sauka kwazazzabo? Bayi ma sai an riƙe ni."

"Me ka canka?"

"Arizona. Myron kuwa Peru ya ce. Har muka yi masa dariya, gwanin namu ya tsufa."

Myron Velarde tsohon mai auna filaye ne, kuma shi ke cinye wasan kusan kullum. Ya tarbe ta da fara'a a ƙofar garejinsa, amma ƙofar a rufe. Dolores ta miƙa masa wani hoto daban a wayarta.

"Baba, koya mini. Ta ina ake farawa?"

"Da inuwa. In ta faɗi arewa, kina arewacin duniya. Ni na koya wa su Garland."

Ta buɗe hoton da Orlinda ta kai wasan.

"Wannan fa, ina inuwar ta faɗi?"

Ya kawar da kai daga wayar.

"Arewa," ta ce. "Peru kuwa tana kudu. Garland ya ce Arizona, nan kusa da mu, kuskure irin na mai nema. Kai ka jefa su can nesa ne, don kada wani ya matso kusa. Buɗe garejin, ko in dawo da takardar alƙali."

Ya buɗe. Tukwane huɗu ne, naɗe cikin bargo, jar ƙasa ba ta ma bushe a jikinsu ba.

Da aka kira Orlinda ofis, ba ta dubi tukwanen ba. Myron ta duba, mutumin da suka shekara goma suna shan kofi tare.

"Mutanen fa, Myron? Ina ka zubar da su?"

Ya sunkuyar da kai.

"Sajan, sa shi a mota," ta ce. "Ya kai mu."